Darasi: Injin Dizal a Motocin Jif na Shiga Daji

Idan aka bar kwalta aka hau burji, daga burji aka faɗa yashi ko laka, abin da ake nema a wurin mota ya canza. A kan kwalta gudunta ake tambaya. A daji kuwa tambayoyin daban ne: shin za ta ja kanta da lodinta ta fita daga inda ta kafe? Man da ke tankinta zai kai ta garin da ke gaba? In ta tsaya, akwai wanda zai iya ta da ita a kusa? Motocin da aka ƙera don irin wannan hanya su ne muke kira jif, irin su Toyota Land Cruiser da Prado, da Nissan Patrol, da Mitsubishi Pajero, da Land Rover Defender. Yawancinsu ana fitar da su kala biyu, mai shan fetur da mai shan dizal, wanda a gidajen mai na Nijeriya ake ce wa man gas, a Nijar kuma gazuwal. Wannan darasi a kan mai dizal ɗin yake. Za mu ga yadda injinta ke aiki, da abin da ya sa ya dace da mummunar hanya, da abin da ke kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba.

Wuta ba tare da falogi ba

Wanda ya taɓa sa wa tayar keke iska da famfon hannu ya san cewa bayan ɗan lokaci gindin famfon yakan yi zafi. Iska in aka matse ta, zafi take yi. A kan wannan aka gina injin dizal.

A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Ya sauka ya zuƙo iska zalla, ba a haɗa ta da mai ba. Ya hau ya matse iskar nan har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha biyar zuwa ashirin da biyu na yadda ta shigo, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai kamar raɓa cikin iskar mai zafi, man ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa, a koma farko. A injin fetur matsin bai cika wuce kashi ɗaya cikin takwas zuwa goma sha biyu ba, shi ya sa sai falogi ya ba da tartsatsi kafin man ya kama. Injin dizal ba shi da wannan falogi. Abin da yake da shi hita ne, mai ɗumama cikin silinda kafin a ta da mota da sanyin safiya. Alamarta ita ce ƙaramar fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya da ke kamawa a gaban direba in an murɗa makulli. A lokacin hunturu, musamman a wuri mai sanyi kamar Jos ko Agadas, a jira ta mutu tukuna a yi kik. Direban da bai da wannan haƙuri batir da kik ɗinsa yake cinyewa.

Injin ya ci sunan wanda ya ƙirƙiro shi, Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a Paris a 1858. Injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so an kammala shi a garin Augsburg na Jamus a 1897. A baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin irin nasa yana aiki da man gyaɗa. Da farko injuna ne manya masu nauyi, na masana'antu da jiragen ruwa, daga baya suka shiga jirgin ƙasa da manyan motoci. Land Rover, da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta sami injin dizal a 1957. Mu ma ba baƙonmu ba ne: shi ne a injin niƙa na bakin kasuwa, shi ne a tirela da tifa da tarakta da babban janareto.

Ƙarfin ja

Nan ne zuciyar darasin, don haka a natsu.

Ana auna inji da ma'auni biyu. Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai yi cikin lokaci, shi ne ke ba mota gudu. Akwai kuma ƙarfin murɗi, wanda ake rubutawa da Nm, wato irin ƙarfin da inji ke murɗa ƙafa da shi. Mai talla ya fi son ambaton na farko. Mai shiga daji na biyun ya fi damunsa, da kuma inda inji ke ba da shi: tun yana juyi a hankali, ko sai an taka totur ya yi kuka?

Mu ɗauki sanannen injin Toyota mai suna 1HZ, wanda ya fito a 1990 kuma aka daɗe ana sa wa Land Cruiser samfurin 70. Silindarsa shida a jere, girmansa lita 4.2, ba shi da turbo. Ƙarfin dokinsa wajen 130 ne kawai, kusan daidai da na Corolla mai injin fetur lita 1.8. Amma ƙarfin murɗinsa ya kai Nm 285 tun yana juyi 2,200 a minti, alhali na Corollar wajen 170 ne, shi ma sai ta haura juyi 4,000. A kan titin Kano zuwa Kaduna Corollar za ta bar jif ɗin a baya. A gaɓar rafi mai santsi, da mutum goma da buhuna a baya, labarin ya juya.

Me ya sa ƙarfi a ƙaramin juyi yake da muhimmanci haka? Domin a yashi da taɓo, ƙafar da ke wulwulawa da sauri rami take haƙa wa kanta. Abin da ake so ƙafa ta juya sannu, da nauyi, ba ta zame ba, injin kuma bai mutu ba. Injin fetur ƙarami yakan tilasta wa direba ya taka totur yana wasa da kuloci, kafin a ankara kuloci ya ƙone. Mai dizal yakan rarrafa ya haye ko da an ɗan taɓa totur ne kawai. In aka haɗa da ƙaramar giyar taimako, wadda direbobi ke kira okzilari, ƙarfin da ke isa ƙafa yakan ninku sau biyu zuwa biyu da rabi. A jikin sandarta ko maɓallinta za ku ga 2H da 4H da 4L. Ta farko ta kwalta ce, ƙafa biyu ke ja. Ta biyu ta burji da yashi mara zurfi, ƙafa huɗu ke ja. Ta uku ta hawan dutse da gangara da fita daga laka. A motar da ba a yi ta don jan ƙafa huɗu kullum ba, kada a bar ta a 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta, domin giya da tayoyi ke shan wahala.

Sai maganar mai. Litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da abin da ya ɗan haura kashi goma cikin ɗari, injin kuma saboda tsananin matsinsa ya fi iya tatse ƙarfin. Idan an tara, jif mai dizal takan rage shan mai da wajen kashi ashirin zuwa talatin cikin ɗari a kan takwararta mai fetur. A inda gidan mai ke kowace kusurwa wannan maganar aljihu ce. A hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, inda ake cin fiye da kilomita 600 na hamada, maganar rai ce. Shi ya sa doguwar Land Cruiser 78, wadda ƙungiyoyin agaji da asibitocin karkara ke yawan mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya, take zuwa da tanki biyu, kowanne lita 90. Ga wani amfanin kuma: fetur yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko da a cikin tsananin sanyi, dizal kuwa sai ya ɗumama ya haura digiri 50. Wanda ke ɗauke da jarkoki a bayan mota cikin rana ya san darajar wannan bambanci.

Kada dai a ɗauka cewa kowa dizal ya kamata ya saya. Injin ya fi nauyi, ya fi ƙara da jijjiga, sayensa da gyaran famfonsa sun fi tsada. A Nijeriya an cire wa dizal tallafi tun da daɗewa, fetur kuwa ya ci gaba da samun tallafi har zuwa watan Mayun 2023, don haka shekaru da yawa litar dizal ta fi tsada nesa. Wannan na cikin dalilan da suka sa jif ɗin da ke yawo a Abuja da Kano yawancinsu na fetur ne. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce ba shi da wata riba a dizal.

Tsohon inji da na zamani

Injinan dizal da ke cikin jif a yau gida biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai yi asara.

Gidan farko su ne masu famfon ƙarfe, wanda injin da kansa ke juyawa ya raba wa kowane nozul mai. Nan 1HZ yake, da TD42 na Nissan Patrol, da 4M40 na Pajero, da 200Tdi da 300Tdi na Land Rover. Ba su da gudu, suna hayaƙi, amma bakanike mai sifana da kunnen sauraro zai gano ciwonsu a gindin bishiya. Suna kuma jure man da ba shi da kyau sosai.

Gida na biyu sun fara shiga ƙananan motoci a 1997. A cikinsu famfo ke tara mai a bututu guda na tarayya, ƙarƙashin matsin da zai iya ninka na iskar tayar mota sau ɗari takwas, kwamfutar mota kuma ita ke buɗe kowace injekta, wato mafesar mai, har sau da yawa a bugu ɗaya. Tsohon famfo bai kai rabin wannan matsi ba. Kusan dukansu suna da turbo, wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti don ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Sakamakon abin mamaki ne. Injin 1GD na Prado da Hilux, da ya fito a 2015, silinda huɗu ne, lita 2.8, amma sabon samfurinsa yana ba da Nm 500. Land Cruiser 300 ta 2021 mai injin dizal lita 3.3 tana ba da 700. Sun fi shiru, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu ya ragu ƙwarai.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ramukan da ke cikin injektar zamani ƙanana ne har ƙurar da ido ba ya gani tana iya cinye su, ɗigon ruwa a cikin mai kuma tsatsa yake sa musu. In ta lalace, sai an jona motar da na'urar bincike, kuɗin injekta huɗu kuwa ba wasa ba ne. Waɗanda aka ƙera don Turai suna da ƙarin kaya a salansa: matatar da ke kama baƙar toka, wasu kuma da tankin wani ruwa mai suna AdBlue da ke rage gubar hayaƙi. An tsara su ne don man da sinadarin sulfa, wato farar wuta, bai wuce kashi 10 cikin miliyan a cikinsa ba, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tanada tun 2009. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan irin dizal mai yawan sulfa da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Dizal mai yawan sulfa yana toshe matatar nan, yana kuma ɓata baƙin man inji da wuri. Saboda haka mai sayen jif ɗin dizal 'yar Kwatano ya tambaya wace ƙasa aka ƙera ta domin ta, ya kuma tambayi kansa ko akwai garejin da zai iya da ita a inda zai riƙa zuwa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ga motar asibiti ko ta aikin gona da za ta riƙa kwana a ƙauyen da ke nesa da babban gari, inji mai sauƙin gyara ya fi inji mai ƙarfi. Motar da ke jiran na'ura daga birni mako guda ba ta kai mai naƙuda asibiti.

Abin da ke kashe shi

Injin dizal da aka kula da shi yana cin kilomita dubu ɗaruruwa ba a buɗe shi ba. Wanda ya mutu da wuri, in aka bincika, galibi ba ya wuce gurɓataccen mai, ko ƙura, ko ruwa, ko zafi.

Mai shi ne kan gaba. Famfo da nozul da man dizal ɗin kansa suke samun santsi, don haka dizal da aka surka da kananzir yana sa ƙarfe ya ci ƙarfe. A daji sau da yawa ba makawa sai an saya a duro ko a hannun 'yan bumburutu. In haka ta kama, a bar duron ya kwanta, kada a zuƙo daga can ƙasa inda ruwa da laka suke taruwa, a kuma tace da mazurari mai tsabta. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan kofi da ke tara ruwa, da fitilar gargaɗi a gaban direba. In ta kama, a tsaya a kwance kusar ƙasan a zubar da ruwan. A riƙa tafiya da filta ta ajiya. Kada a bari tanki ya ƙafe, domin iska na shiga bututu, motar kuma ba za ta tashi ba sai an danna ɗan famfon hannu da ke kan filta an kore ta. Idan aka yi kuskure aka zuba fetur a tankin dizal, ko makulli kada a murɗa. A juye tankin tukuna.

Ƙura ita ce ta biyu. Injin dizal iska yake zuƙa da yawa, kuma ƙurar da ta wuce filta takan goge ringi da jikin silinda a hankali, har injin ya fara shan baƙin mai ya rasa matsi. In matsi ya tafi, zafin da ke kunna man ya tafi. A lokacin hunturu, ko in ana tafiya a ayari, a duba filtar iska kullum, a kuma ba motar gaba tazara. Filtar da ta yage ko bakinta bai zauna daidai ba ta fi wadda ta toshe haɗari. Dogon bututun nan da ke hawa gefen gilashin wasu jif har saman rufi, aikinsa ya ɗebo iska daga sama inda ƙura ba ta da kauri.

Bututun yana kuma taimako a wurin ƙetare rafi da damina. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma sararin da ke saman fistin a injin dizal ɗan ƙarami ne. Ruwa kaɗan in ya shiga, sandar fistin ta lanƙwashe, injin ya buga nan take. A sauka a auna zurfin ruwa da ƙarfin gudunsa kafin a shiga. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a yi kik. A ja ta waje, a duba ko filtar iska ta jiƙe.

Zafi kuma a yashi yake kama mota, inda inji ke aiki da dukan ƙarfinsa amma iskar da ke bugun lagireto kaɗan ce. A rage iskar taya kafin a shiga yashi mai zurfi don injin ya sami sauƙi, a mayar in an fito. A kakkaɓe ciyawa da busasshiyar laka daga lagireto. In allurar zafi ta haura, a tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Mota mai turbo da ta sha aiki a bar ta tana juyi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Mai matatar toka kuwa kada a ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa, domin lokacin da matatar ke ƙone tokar da ta tara zafinta yakan kai wajen digiri 600.

Wajen juye, a nemi baƙin man da aka yi don dizal. A jikin galan, bayan haruffan API, na dizal yana farawa da C, kamar CH-4 ko CI-4, na fetur da S. Tsofaffin injuna masu aikin ƙura ana yi musu juye a wajen kilomita 5,000. Wasu, kamar 1HZ, bel ne ke daidaita lokacin bugunsu, kuma in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. A canza shi a adadin da littafin motar ya faɗa, kada a jira ya nuna alama.

Hayaƙi yana ba da labarin cikin inji. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa: a fara duba filtar iska, sannan nozul da turbo. Shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari da sassafe wanda ke ɗaukewa in inji ya ɗumama ba abin tsoro ba ne. Wanda ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, gaskit ake zargi. Wasu kan murɗa famfo su ƙara mai don mota ta ƙara ƙarfi, su riƙa turnuƙe titi da baƙin hayaƙi. Wannan ɓarna ce ga inji, cuta ce kuma ga mutane. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, kada yaran gareji su tsaya a bakin salansa. Haka kuma kada a laluba yoyon bututun injekta da hannu inji yana juyi, domin man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin na asibiti ne nan take.

Aikin yi

1. Wata jif tana da tanki biyu, kowanne lita 90. A ce tana shan lita 12 a kilomita 100 a kan kwalta, lita 20 a cikin yashi. Tafiyar da ke gabanta kilomita 250 ce ta kwalta da 550 ta yashi, babu gidan mai a hanya. Lita nawa za ta sha? Nawa zai rage? In ana so a isa da ragowar lita 60, jarka nawa mai cin lita 20 za a ƙara?

2. Ku bayyana da bakinku abin da ya sa injin da ringinsa ya cinye yake wahalar tashi da safe.

3. Ku je garejin da ake gyaran motocin dizal, ku roƙi mai garejin ya nuna muku filtar mai da kofin tara ruwa, da famfon hannu, da nozul, da hita. Ku tambaye shi wace matsala aka fi kawo masa da rani, wace kuma da damina, ku rubuto amsarsa ku kawo aji.